Yaren Da Aisi Ke Ji A Unguwar Dosa

Mu mutanen Unguwar Dosa ta Kaduna ba a raba mu da gardama. In babu ƙwallo akwai siyasa, in siyasa ta lafa akwai farashin buhun masara. To a 'yan shekarun nan wata sabuwa ta shigo majalisunmu ta hannun yara 'yan makaranta, ta samu wuri ta baje: wai da wane yare ya fi dacewa a yi wa aisi magana. Baƙo zai ɗauka tsakanin Hausa da Fillanci ake ja-in-ja. Ina! C ce da Python, da wani dattijo mai suna Assembly, da ɗan autansu Rust, wanda har yau bai tara mabiyan da za su cika benci ɗaya a wurin mai shayi ba.

Aisin da ake nufi ba kowane aisi ba ne. Ɗan baƙin nan ne mai ƙafafu a jere, wanda 'yan boko ke kira maikirokontirola. Kwamfuta ce sukutum aka dunƙule a abin da bai kai tsawon yatsa ba. Akwai wurin lissafi a ciki, akwai wurin ajiya, ƙafafun nan kuma da su yake jin abin da ke faruwa, da su yake ba da umarni. Gidan da ba a taɓa shigar da kwamfuta ba ma cike yake da shi. Yana cikin mitar da sai ka danna mata lambobi 20 take ba ka wuta, yana cikin inbata, da akwatin cajin sola, da rimot ɗin talabijin, da sikelin mai sayar da gas, da na'urar ƙyanƙyasar ƙwai da wasu matan unguwa suka mayar sana'a. Kowanne sai da wani ya zauna ya rubuta masa abin da zai yi, layi bayan layi, sannan aka ɗura masa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna janareto ya zama sai wane da wane, rufin gidaje ya fara cika da faifan sola. Aisi ya ƙaru a unguwa, masu gardama a kansa ma suka ƙaru.

Dattawan harkar su ne 'yan Assembly. Tun kafin su buɗe baki za ka shaida su: tabarau a kan hanci, yatsu duk tabon ƙunar dalma. Da yawansu ta Poli suka biyo, can Tudun Wada, zamanin da 8051 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 1980, da PIC16F84 na Microchip ke tashe. Shi wannan PIC ɗin umarni 35 kacal yake ji, wurin ajiyarsa na aiki kuwa bait 68 ne, ko rabin saƙon tes guda ba zai ɗauka ba. A wannan ƙuncin suka koyi sana'a, shi ya sa har gobe bait ɗaya ba ya wuce su ba su ƙirga ba. Assembly kusan harshen uwa ne a wurin aisi: ɗauki wannan lamba, ajiye ta can, rage ɗaya, in ta zama sifili tsallake layi na gaba. Kafin fitila ta ƙyafta maka sau ɗaya a daƙiƙa, sai ka ɗauki biro ka lissafa zagaye nawa aisin zai yi yana ɓata lokaci da gangan.

"Ku yaran yanzu kun ma san abin da ke cikin aisin?" in ji wani dattijo mai gyaran rediyo, in hira ta yi hira. "Mu takardar bayaninsa muke karantawa bango zuwa bango. Ku kuwa ku kwaso laburare a intanet ku danna. In ta yi, ku ce kun iya. In ba ta yi ba, ku ce allon jabu ne."

"Baba, ai ku ma ba ku kuka ƙera aisin ba."

"Ban ƙera ba, amma na san lungu da saƙonsa. Da tsohuwar zuma ake magani, yaro."

"To Baba, ku taimaka ku rubuta mana wanda zai turo saƙo waya in tanki ya cika. Da Assembly."

A nan ne dattijo yake tunawa bai yi alwalar Magariba ba.

Abin da ba sa so a faɗa shi ne su kansu sun daɗe da sulalewa zuwa C, sanarwa ce kawai ba su yi ba. Ita C ba yarinya ba ce. Dennis Ritchie ne ya tsara ta a ɗakin binciken Bell da ke Amurka wajen 1972, ta haura shekara hamsin ke nan tana aiki. Kana rubuta ta da kalmomin da ɗan Adam zai karanta ya gane, wata manhaja ta juya su zuwa lambobin da aisi ke ji tun kafin a ɗura, don haka in an kunna na'ura babu wani jira, aiki kawai. Ɗaliban lantarki da yawa a garin nan da ita suka fita makaranta: PIC16F877A mai ƙafa 40, manhajar mikroC ta wani kamfanin ƙasar Sabiya, sai Proteus da ake gwada da'ira a allon kwamfuta kafin a ƙona kuɗi. Furojek ɗin ma kusan an haddace su. In ba na'urar da ke juya gida daga wutar gari zuwa janareto da kanta ba, to fitilar ba da hannu ce, ko mai kashe famfo in tanki ya cika. A haɗa a ɗaki, a kai tsohuwar Panteka a ƙera masa akwatin ƙarfe a fesa fenti, ranar kare furojek a yi ta addu'a kada waya ta saki a gaban malamai.

Sai Arduino ya zo ya rikita lissafi. A garin Ivrea na Italiya aka fara shi a 2005, kuma ba don injiniyoyi ba, don ɗaliban zane da ƙira ne da ke son fitila ta haska ko ƙaramin inji ya juya ba tare da sun shekara suna karatun lantarki ba. Samfurin Uno, wanda ya fito a 2010, shi ne ya cika mana jakunkunan yara. Ba ka bukatar wata na'urar ɗuri ta daban. Igiyar firinta ka soka a kwamfuta, ka danna kibiya, shi ke nan. Yaron da ya taso daga makaranta wajen SMC da rana, kafin Isha'i ya sa fitila tana ƙyaftawa, ya kira duk gidan su zo su gani.

Abin dariyar shi ne ka tambayi irin yaron nan wane yare yake rubutawa, ya ce maka, "Ni Arduino nake yi, Yaya, ban iya C ba, wuya gare ta." Alhali abin da ke gabansa C++ ce, wadda Bjarne Stroustrup ya gina a kan C, an dai ɓoye masa wuraren da ke sa ciwon kai. Ya shekara uku yana rubuta yaren da yake cewa yana tsoro. Haka ma rigimar 'yan PIC da 'yan Arduino, wadda a da har gaba takan jawo tsakanin ɗalibai. Aisin da ke kan Uno, wato ATmega328P, na kamfanin Atmel ne, kuma Microchip mai PIC ya saye Atmel ɗungurungum a 2016. Mu muna nan muna musu a bakin titi, kuɗin duka ɓangarorin aljihu ɗaya yake shiga a jihar Arizona.

'Yan Python su ne masu baki. Yawancinsu ba ta hanyar dalma da waya suka shigo ba, ta allon kwamfuta suka biyo: wasu a KASU, wasu a AFIT da ke Mando, wasu a wuraren koyon fasaha irin CoLab da ke Barnawa, wasu ta shirin 3MTT na gwamnatin tarayya. 'Yan mata sun fi yawa a wannan rukuni fiye da sauran, kuma ba sa ɗaga wa kowa ƙafa a musu. Hujjarsu ta farko kullum ɗaya ce: a duba jerin yarukan da suka fi farin jini a duniya, Python ce a sama. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai masu wannan ƙidaya kowa suke haɗawa, da mai gina shafin intanet, da mai tace alƙaluman banki, da mai horar da ƙirƙirarriyar basira. In da mitoci da inbatoci da rimot ɗin da ke unguwar nan za su yi magana a tambaye su da wane yare aka rubuta su, da Python ta sha kunya. Yawan masu jin yare daban, yawan na'urorin da ke aiki da shi daban, kuma a nan ne gardamar take sarƙewa kullum, don kowane ɓangare da abin da yake ƙirgawa.

Amma suna da abin nunawa. Wani masanin kimiyya ɗan Ostareliya, Damien George, ya nemi gudunmawar jama'a a intanet a 2013, ya matse Python har ta shiga aisi, ya kira ta MicroPython. Daɗinta ba ya faɗuwa: ka rubuta layi ɗaya, ka danna, nan take fitila ta kama. Kuskure ya fito, ta gaya maka layin da yake da abin da ya faru, ba ta bar ka kana zare ido a kan allon da ya yi shiru ba. Matsalar wurin zama ce. Python ba a juya ta tun a kwamfuta, da tafintanta take tafiya, shi ke zaune cikin aisin yana fassara umarni ɗaya bayan ɗaya yayin da ake aiki. Masu ita da kansu sun ce tana bukatar wajen kilobait 256 na ajiyar firogiram da kilobait 16 na aiki. Uno kuwa 32 da 2 yake da su. Kamar mai haya a ɗaki ciki ɗaya ne a ce masa ga baƙo nan tafe da iyalinsa da kayan ɗakin amarya. Ba rowa ba ce, wurin ne babu.

Wannan hujja ta yi wa 'yan C aiki shekara da shekaru, sai dai yanzu ta fara tsufa. Kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar da ESP32 a 2016, da kilobait 520 na aiki, ga Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. A watan Janairun 2021 kuma Raspberry Pi Pico ya fito daga Ingila a kan dala 4, da kilobait 264. Wuri ya samu. Shi ya sa 'yan C suka koma hujja ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko ƙarfi, wato lokaci.

Wutar ƙasar nan sau 50 take kai-da-komo a daƙiƙa guda. Inbatar da za ta kwaikwaye ta da kyau sai ta riƙa buɗe tiransistocinta tana rufewa sau dubbai a daƙiƙa, kowanne a kan ƙa'ida. Ita kuwa MicroPython tana da wata ɗabi'a: lokaci zuwa lokaci takan dakata ta share wurin ajiyarta daga abin da aka gama amfani da shi. Dakatawar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ga wanda ya ɗora mata riƙon tiransistoci kai tsaye, wannan ɗan lokacin ya isa a ji ƙauri. Mai haɗa inbata da ya taɓa biyan kuɗin jerin tiransistoci daga aljihunsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Na'urar ƙyanƙyasa kuwa ina ruwanta? Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a zafin da ya kusa digiri 38, na zabuwa ya ƙara kusan mako guda a kai. Ko aisi ya makara da daƙiƙa ɗaya kafin ya kashe hita, ƙwai bai sani ba. A irin wannan aiki, wanda ya rubuta Python ya gama ya tafi ɗaurin aure, ɗan C yana nan yana neman inda ya manta waƙafi.

"To kun ji dai, Malam," in ji wata ɗaliba. "Ashe mu ma muna da rana."

"Kuna da ita, 'yata. Amma je ki bincika da wane yare aka rubuta shi tafintan naku."

Da C aka rubuta shi. Duk ranar da aka kai nan, 'yan Python sai su ce a canza magana.

Su ma 'yan C ɗin suna da abin kunyarsu, kuma ba a bari ya wuce. Labarin da aka fi maimaitawa shi ne na yaron da ya haɗa wa mai cajin waya na'urar ƙirga ciniki da Uno. Kwanakin farko lafiya lau. Ran nan mai shago ya duba allo ya ga wai ana bin sa bashin dubu talatin da biyu da ɗoriya. Ba aljanu ba ne. A kan Uno, gurbin lamba na yau da kullum ba ya wuce 32,767, in ka ƙara ɗaya sai ya kifa ya koma ƙasa da sifili, kuma C ba za ta ce maka uffan ba. A da, kafin ƙaramin shago ya tara wannan kuɗi an kwana biyu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, abin da bai taka kara ya karya ba ne. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri a hanya, lissafin dai gaskiya ne.

Akwai ɗan'uwansa. Agogon cikin Arduino da ke ƙirga lokaci tun daga kunnawa yakan cika ya koma sifili bayan kusan kwana 50, kuma firogiram ɗin da ba a rubuta da lura ba yakan rikice a ranar. A ƙasashen da wuta ba ta ƙyaftawa wannan babban abin tsoro ne, har darasi ake yi a kansa. Mu kuwa shekara da shekaru bai taɓa cin mu ba, don wace na'ura ce za ta yi kwana 50 a kunne ba a ɗauke wuta ba? Kullum ana sake mata lissafi kyauta. Sai yanzu da batir da sola suka zauna a gidaje ne ciwon ya fara nemo mu.

Irin waɗannan ne ke ba ɗan Rust bakin magana. Zai gyara zama ya ce yarensa, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2015, yana da saurin C amma ba ya barin ka taɓa wurin ajiyar da ba naka ba, tun a kwamfuta zai ƙi. Zai ce an buɗe masa ƙofa a cikin Linux a ƙarshen 2022, har fadar shugaban Amurka ta fitar da rahoto a watan Fabrairun 2024 tana kiran masu manhaja su koma irin waɗannan yaruka. Duk gaskiya ne. Sai a tambaye shi abu ɗaya: in ya maƙale da tsakar dare, wa zai buga wa waya tsakanin Kawo da Unguwar Rimi? Sai ya ce akwai wani a Jamus.

Wannan tambayar, a wurina, ta fi duk sauran hujjojin nauyi. A unguwar nan ba kyawun yare ke sa a bi shi ba. Abu na farko, wane allo ne ke kasuwa yau? Kayan daga Shenzhen suke tasowa, su sauka Legas, su biyo mota zuwa Kaduna ko Kano, wani lokaci direba ne zai miƙo maka ƙunshinka a tashar Kawo. Abin da ɗan kasuwa ya tabbata zai sayar shi yake saro wa, wato kwafin Uno da Nano na Sin, sai ESP32 da ke biye da su. Na biyu, in ka sayi ɗan allon SIM800L mai tura saƙo, ko ma'aunin zafi, ko allon rubutu mai layi biyu, misalin da za ka fara cin karo da shi a intanet na Arduino ne, ka kwafa ka gyara lambar waya da lambar ƙafa. Na uku, malamin da zai duba aikinka da abin da ya sani zai duba. Na huɗu, wanda zai cece ka in abu ya ƙi, maƙwabcinka ne, kuma abin da ya iya shi zai koya maka. Duk hanyoyin nan huɗu gidan C suke ɓullewa. Ba zaɓenta muka yi ba, tarar da ita muka yi, muka kuma miƙa wa na bayanmu.

Sai dai duk wannan hayaniya ta 'yan tsiraru ce. Jam'iyyar da ta fi kowace yawa a cikin masu taɓa aisi a Unguwar Dosa ita ce ta waɗanda ba sa rubuta ko layi ɗaya. Mai haɗa inbata ya sayi ɗan allon EGS002, wanda ya zo da aikinsa a ciki tun daga Sin, ya haɗa masa tiransifoma da tiransistoci, ya buga sunan shagonsa a jikin akwati. Mai ƙera na'urar ƙyanƙyasa ya sayi W1209 mai maɓalli uku, ya saita zafi, ya liƙa a jikin tsohon firji. Wani ma aisi mai firogiram bai dame shi ba sam, ɗan aisin 555 da rile biyu sun ishe shi, kuma aikinsa na nan yana yi shekara da shekaru. Su ne ke cin kuɗin harkar, 'yan gardama na cin shayi.

Inda su ma suke cin karo da bango shi ne wurin gyara. Kawo wa mai gyara inbatar da tsawa ta taɓa. Tiransista zai canza, kafasita zai canza, layin da ya ƙone zai yi masa gada da siririyar waya. Amma in aisin ne ya mutu, ko ya sayo sabo iri ɗaya sak a kasuwa, fanko ne, babu komai a cikinsa. Firogiram ɗin yana wurin kamfani, kuma kamfanoni kan kulle aisi yadda ba za a iya kwafo abin da ke ciki ba. Wasu har goge lambar da ke bayansa suke yi don kada ka san ko wane ne. Masu gyaran talabijin da dikoda sun ɗan samu sauƙi, don su firogiram ɗin yakan zauna a wani ɗan aisin ajiya mai ƙafa takwas, a karanto daga lafiyayye da 'yar na'urar CH341A a ɗura wa marar lafiya. Shi ya sa zaurukansu na WhatsApp ba ruwansu da C ko Python, kullum roƙo ɗaya ne: wa ke da fayil ɗin allo kaza, a taimaka don Allah, mai kaya ya tsaya a kaina.

Mai inbata kuwa sai dai a kira shi gefe.

"Alhaji, ƙwaƙwalwar ce ta tafi. Sai dai a sayo allon gaba ɗaya."

"Wannan ɗan abin? Ba ga yaran nan da ke cika mu da surutun yaruka ba? A ba su su rubuta wani mana."

"Za su iya, Alhaji. Sai dai su bi layukan allon ɗaya bayan ɗaya su gano abin da kowace ƙafa ke yi, sannan su rubuta, sannan a gwada. Wata biyu, in Allah ya sa ba a ƙona komai ba."

"Sabon allon fa?"

"Jibi yana tashar Kawo."

"Turo lambar asusunka."